Yadda Ake Haɗa Miyar Beyarnez ta Faransa a Gida

Beyarnez miya ce ta Faransawa da ake ɗora cokali biyu ko uku nata a kan gasasshen nama ko kifi, ba irin wadda ake cika kwano da ita ba ce. Man shanu ne ginshiƙinta, gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe shi, ruwan khal ya ba ta ɗan tsami, ganyen taragon kuma ya ba ta ƙamshin da ake gane ta da shi. Kayan haɗinta ba su da yawa, aikinta bai wuce na minti 40 ba, amma ta yi ƙaurin suna wajen ba masu girki kunya, don tana iya tsinkewa ana dab da sauke ta, mai ya ware gefe, ƙwai ya ware gefe. Ni dai a ganina an cika tsoratar da mutane a kanta. Duk sirrin yana wajen wuta: ki san iya zafin da ƙwai zai ɗauka, kada ki zarce shi, kada kuma ki bar man ya huce har ya fara daskarewa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake yin aikin gaba ɗaya.

Sunan ya fito ne daga Beyarn, wani yanki a kudu maso yammacin Faransa, gindin duwatsun Firenis. Sai dai ba a can aka fara yin ta ba. Labarin da aka fi bayarwa shi ne wani mai dafa abinci da ake kira Collinet ne ya fito da ita a shekarun 1830, a gidan cin abincin nan na Pavillon Henri IV da ke garin Saint-Germain-en-Laye kusa da Paris. Gidan yana ɗauke da sunan Sarki Henri na huɗu, wanda aka haifa a birnin Pau na ƙasar Beyarn a 1553, ya kuma mulki Faransa daga 1589 zuwa 1610, sai aka raɗa wa miyar sunan mahaifar sarkin. A wajen masu girkin Faransa 'yar ɗakin miyar Holandez ce, hanyar haɗa su ɗaya, bambancin kawai ita Holandez da lemon tsami ake yi, babu ganye babu albasa.

Kayan da za ki tanada

Wannan awon na mutum huɗu ne. Ki nemi man shanu marar gishiri giram 200, gwaiduwar ƙwai 3, ruwan khal babban cokali 4, ruwa babban cokali 4, ƙaramar albasa irin wadda Faransawa ke kira eshalot guda 2, baƙin masoro na kanti rabin ƙaramin cokali, ɗanyen ganyen taragon kamar reshe 5 ko 6, ɗan ganyen fasli, gishiri, da ɓarin lemon tsami don gyaran ƙarshe.

Man shanun shi ne abin da ba a yi masa ha'inci. Majarin ɗin shafa burodi da ake sayarwa a roba ba zai yi ba, man tsirrai ne aka daskarar, miyar za ta iya haɗuwa da shi amma ɗanɗanon da ake nema ba ya ciki. Ki duba takardar da aka naɗe shi, man shanu na gaskiya maiƙonsa yana kai kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari, sauran ruwa ne da ɗan garɗin madara. Man shanunmu na Fulani fa? Yana yi, da sharaɗi. Shi ma na Faransa da yawansa daga kirim mai ɗan tsami ake kaɗa shi, don haka ba su yi nisa da juna ba. Amma namu ya fi ƙarfin wari, musamman idan ya kwana biyu a ƙwarya. Ki sayi ɗanye sabon kaɗi, ki wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku kina murza shi da bayan cokali har ruwan ya daina fita fari. Wanda aka riga aka soya da albasa har ya yi ja ki bar shi don tuwo da ɗanwake, a nan zai danne ƙamshin ganyen.

A girkin asali ana haɗa khal ɗin da farar giyar inabi rabi da rabi. Ki bar giyar, ki sa ruwa a madadinta kamar yadda na rubuta a awon. Ba ita ke riƙe miyar ba, kuma girke-girken Beyarnez da dama ko a can da khal zalla ake yin su. Khal na tuffa ya fi dacewa, tsaminsa da taushi. Idan farin khal ne kawai a gidan, ki rage shi zuwa cokali 3 ki ƙara ruwa ya zama 5, don shi kaifinsa a tsaye yake.

Eshalot 'yar ƙaramar albasa ce mai fitowa ɗiya-ɗiya a gindi ɗaya, ba ta kai tamu yaji ba. Idan babu, ki ɗauki jar albasa mafi ƙanƙanta, ki yanka ta sala-sala sannan ki daddatsa ta ƙanana, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki auni babban cokali 2.

Taragon ne zai fi ba ki wahalar samu, kuma shi ne ran miyar. Ganye ne siriri dogo mai laushi, ƙamshinsa ya ɗan yi kusa da na shammar, yana kuma barin wani ɗan sanyi a harshe. A manyan kantuna ana samun busasshensa a kwalba wajen kayan ƙamshi, a kantunan da ke kawo kayan Faransa kuma za ki ga an rubuta estragon. Busasshen ya fi ɗanye ƙarfi a awo, don haka ƙaramin cokali 2 ya isa wannan girkin. Ki buɗe ki sansana idan da hali, wanda ya daɗe a kanta warin ciyawa kawai yake yi. Ga mai son shukawa, akwai abu ɗaya da ya kamata ta sani: taragon na Faransa ba ya yin irin da ke tsira, da reshe ko da saiwa ake dasa shi. Irin da ake sayarwa a fakiti yawanci na taragon ɗin Rasha ne, yana girma da kyau amma ƙamshinsa kaɗan ne. Akwai kuma wani tsiro ɗan ƙasar Meziko, Tagetes lucida, mai furanni rawaya, wanda ƙamshinsa ya yi kama da na taragon sosai, kuma shi yana jure zafin rana. Ganye na biyu a girkin asali shi ne sarfoy, ɗan uwan fasli ne mai laushin ƙamshi, fasli yana tsaya masa.

Wajen kayan aiki, kina buƙatar ƙaramar tukunya, kwanon silba ko na tangaran mai jure zafi wanda zai zauna a bakin tukunyar ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ciki ba, maburgin waya na kaɗa ƙwai, rariya mai ƙananan ido, da tsumma mai tsabta. Kada ki yi aikin a kwanon alminiyam. Tsamin khal da gogar waya suna cin jikinsa, sai miyar ta fito da launin toka maimakon rawaya.

Mataki na farko: narka mai ki tace shi

Ki yanka man gunduwa-gunduwa ki zuba a tukunya, ki ɗora a wuta mafi ƙanƙanta da murhunki zai iya bayarwa. Kada ki juya. Yana narkewa za ki ga ya rabu gida uku: farin kumfa a sama, mai garai-garai launin zinariya a tsakiya, farin ruwa mai kama da madara a ƙasa. Ki kwashe kumfan da cokali, sannan ki karkata tukunyar a hankali ki tsiyaye man a kofi mai baki, ki tsaya da zarar farin ruwan ya zo gaɓa. Daga giram 200 za ki samu wajen giram 150 zuwa 160. Kada ki bar shi ya soyu. Idan kin ji yana ƙara yana tartsatsi, ko ƙasan ya fara ja, wutar ta yi yawa.

Farin ruwan nan kada ki zubar, ki ajiye shi gefe. Ɗanɗanon madara yana cikinsa, kuma cokali ɗaya nasa yana sassauta miyar idan ta yi kauri. Wasu ma ba sa tace man, narkakkensa suke zubawa gaba ɗaya, miyarsu takan fi ruwa-ruwa. Ga wadda za ta yi karon farko na fi son tatacce, ya fi ba da miya mai tsayawa a kan nama. Idan na Fulani ne kuwa tacewar dole ce, ki ma bi da shi ta ƙyalle mai tsabta.

Ki ajiye kofin kusa da murhu. A lokacin da za a zuba shi ana son ya zama da ɗumi, wajen digiri 50, wato ki iya tsoma yatsa ki bar shi ciki ba tare da kin janye ba. Da hunturu yakan yi saurin kamewa, sai ki sa kofin cikin kwanon ruwan ɗumi.

Mataki na biyu: dafa ruwan ƙamshi

Ki tsinke ganyen taragon daga jikin rassan. Rabin ganyen ki ajiye don ƙarshe, sauran rabin da rassan ki daddatsa su. Masoron ki farfasa shi a turmi bugu biyu ko uku, kada ya zama gari. Ki zuba khal, ruwa, albasa, masoro da datsattsen taragon a tukunya, ki ɗora a matsakaiciyar wuta ba murfi. Idan busasshen ganye ne, ki sa ƙaramin cokali ɗaya da rabi a nan, ki bar rabin cokali.

Zai tafaso da wuri, tururinsa yana shiga hanci, ki ɗan ja baya. Ki rage wuta ki bar shi yana ɓararraka a hankali har ruwan ya ƙone ya rage kamar babban cokali 2. Yakan ɗauki minti 5 zuwa 8, ya danganta da faɗin tukunyar. Ki tsaya a kansa a ƙarshen, tsakanin cokali biyu da ƙonewa ƙurmus tazarar ba ta da yawa. Idan ya ƙafe fiye da yadda ake so amma bai kama ba, ki ƙara ruwa ya dawo cokali 2.

Ki sauke ki bar shi ya huce, sannan ki tace ta rariya cikin kwanon da za ki yi aikin, kina danna albasar da bayan cokali don ta saki abin da ta sha. Akwai masu mayar da ɗan albasar cikin miya a ƙarshe don a riƙa jin ta a baki, wannan ganin dama ne. Abin da babu ganin dama a cikinsa shi ne hucewar. Ruwan khal mai zafi yana dafa gwaiduwa nan take.

Mataki na uku: kaɗa gwaiduwa a kan tururi

Nan ne miyar ke yiwuwa ko ta lalace, don haka ki kammala duk wani aiki kafin ki fara, ki kuma jawo komai kusa da hannunki: kofin mai, kofin ruwan sanyi da cokali a ciki, da jiƙaƙƙen tsumma a shimfiɗe a kan tebur.

Ƙwan ya zama sabo. Ki gwada shi a ruwa, wanda ya nutse ya kwanta shi ne mai kyau, wanda ya taso ki jefar. Awon nan na manyan ƙwan gidan gona ne, idan na kajin gida ne ko na zabi ki sa gwaiduwa 4. Ki raba ta da farin da kyau, ki zuba a kan ruwan ƙamshin da ya huce, ki ƙara ɗan gishiri.

Ki ɗauraye tukunyar, ki zuba ruwa tsayin gaɓar yatsa biyu, ki bar shi ya tafasa, sannan ki rage wutar har sai ruwan yana motsi kawai yana fitar da tururi. Ki ɗora kwanon a bakinta ki fara kaɗawa nan da nan. Ki riƙa bi da maburgin ko'ina, gindi da gefe-gefe, don a gefen kwano ƙwai ke fara kamawa. Kaɗin ya zama mai shigar da iska, ba juyi irin na miyar kuka ba.

Ga abin da za ki gani. A minti na farko ruwa ne tsululu mai manyan kumfa. Daga nan kumfan zai ƙanƙance, launin ya koɗe daga ruwan lemo zuwa rawaya mai haske, abin ya kumbura ya ninka yadda yake. Wajen minti na uku zuwa na biyar za ki ji ya fara riƙe maburgin. Alamar ya yi ita ce idan kin ja maburgin a gindin kwano za ki hango silbar na ɗan lokaci kafin hanyar ta rufe, idan kuma kin ɗaga shi sama abin da ke zuba zai kwanta a kan sauran ya bar shaida kafin ya nutse. Kaurinsa kamar na kunun gyaɗa da aka dama da kyau.

Gwaiduwa tana fara kauri ne a wajen digiri 65, idan ta haura 70 da 'yan kai sai ta dunƙule ta zama soyayyen ƙwai. Khal da ruwan da aka haɗa ta da su suna ɗan ɗaga wannan iyakar, shi ya sa ba a kaɗa ta zalla. Idan kina da ma'aunin zafi, to madalla. Idan babu, hannunki ya isa. Ki riƙa ɗaga kwanon lokaci-lokaci kina taɓa gindinsa da tafin hannu: idan kina iya riƙewa na daƙiƙa biyu ko uku, lafiya lau. Idan ba ya taɓuwa, ki ci gaba da kaɗawa a kan tebur har ya sassauta sannan ki mayar. Sauke kwano da mayar da shi sau biyar ko shida ba laifi ba ne, haka masu sana'ar ke yi. Da zarar kin ga ɗan gudaji a gefe, ki sauke, ki zuba ƙaramin cokali na ruwan sanyi ki kaɗa da ƙarfi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan ba ƙonawa ba ne, tsoro ne. Mutum ya ga kumfa ya tashi sai ya ɗauka ya yi, ya fara zuba mai a kan ƙwan da bai nuna ba. Irin wannan miyar ba ta yin kauri ko an kwana ana kaɗawa, kuma ƙarnin ƙwai ba ya barinta. Ki jira har kin ga gindin kwanon.

Mataki na huɗu: zuba mai

Ki kashe wuta, ki sauke kwanon ki zaunar da shi a kan jiƙaƙƙen tsumman don kada ya riƙa juyawa. Hannu ɗaya maburgi, ɗaya kofin mai. Ki fara da ɗigo-ɗigo, kina kaɗawa, sai wanda kika zuba ya ɓace ɓat sannan ki ƙara. Bayan kamar babban cokali 3 sun shige, za ki ga miyar ta ɗauki sheƙi ta ƙara kauri. Daga nan ki riƙa zubawa siriri kamar zare ba tsayawa, amma idonki na kan kwanon. Duk sanda kika ga mai ya taru a gefe yana ƙyalli, ki dakata da zubawa ki kaɗa har ya shige.

Dalilin wannan jan ƙafa shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa da kansu. Maburgi yana farfasa man zuwa ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, wani sinadari da ke cikin gwaiduwa mai suna lesitin, tare da furotin ɗinta, sai su lulluɓe kowane ɗigo su hana shi komawa ya haɗe da ɗan uwansa. Idan man ya zo da yawa a lokaci guda, maburgin ba zai iya farfasa shi ba, sai ya taru ya janye sauran. Ɗigon nan kuma suna buƙatar ruwan da za su yi iyo a ciki. Shi ya sa miyar da ta yi kauri ƙwarai, har tana dunƙulewa a cikin maburgi tana naso, take gab da tsinkewa. Kina ganin haka ki zuba ƙaramin cokali na ruwan ɗumi, ko na farin ruwan man da kika ajiye, za ki ga ta saki jiki ta yi haske, sai ki ci gaba.

Idan ɗakin da sanyi kuma kin ji kwanon ya huce tun ba ki gama ba, ki mayar da shi bakin tukunyar na 'yan daƙiƙu, wutar a kashe, sauran tururin ya isa.

Man yana ƙarewa sai ki yanka ragowar taragon da faslin ƙanana da wuƙa mai kaifi. Sai a wannan lokacin ake yanka su, domin ganyen taragon yana baƙi idan ya jima a yanke. Ki zuba kamar babban cokali ɗaya na taragon da rabin cokali na fasli. Idan busasshe ne, ki jiƙa rabin cokalin da kika rage da ɗan ruwan zafi na minti biyu kafin ki zuba, ki kuma ƙara yawan faslin don a ga kore. Ki ɗanɗana. Idan kin ji maiƙo ya cika baki ya yi nauyi, gishiri ne ko tsami bai ji ba, ki ƙara gishiri kaɗan da ɗigon lemon tsami, ki sake ɗanɗanawa. Beyarnez mai kyau ki ɗebo ta da cokali ta yi tudu, ki karkata shi ta sulale a hankali, a baki kuma a fara jin mai, tsami ya biyo baya, ƙamshin ganyen ya zauna daga ƙarshe.

Idan ta tsinke

Kada ki zubar. Tsinkewa iri uku ce kuma ɗaya kawai ce ba ta da magani.

Idan kin ga ta fara yin ruwa, mai yana fitowa ta gefe, ki taɓa kwanon. In da zafi, ki zuba babban cokali na ruwan sanyi a gefe guda, ki fara kaɗawa daga wannan wurin da ƙananan zagaye, kina jawo sauran kaɗan-kaɗan. In kuwa ya yi sanyi, ruwan zafi za ki sa a yi haka nan. Sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da ita.

Idan ta rabu sarai, ki ɗauko wani kwano mai tsabta, ki sa sabuwar gwaiduwa ɗaya da ƙaramin cokali na ruwa, ki kaɗa a kan tururi har ta yi kauri kamar farko, sannan ki sauke ki riƙa zuba tsinkakkiyar miyar a ciki cokali-cokali, daidai yadda kika zuba mai. Za ta dawo, ba mai gane an yi gyara.

Wadda ba ta gyaruwa ita ce wadda ƙwan ya dahu ya zama gudaji-gudaji. Nan sai ki tace ta rariya ki ceci man, tun da ya riga ya sha ƙamshi, ki sake da sabuwar gwaiduwa da ɗan khal.

Mai bilenda tana iya rage wa kanta aiki: a zuba gwaiduwa da ruwan ƙamshin a ciki, a kunna, a riƙa tsiyaya man ta ramin murfi, amma a nan man sai ya fi zafi, wajen digiri 80, don shi ne zai dafa ƙwan. Tana fitowa da kauri kuma ba ta cika tsinkewa ba, sai dai ba ta da sakin jiki da kumburin ta hannu, ƙwan kuma ba lallai ya nuna yadda ya kamata ba.

Kai ta tebur

Da ɗumi ake cin Beyarnez, ba da zafi ba, zafin naman ne ke ƙarasa ta. Ba a kuma mayar da ita wuta. Idan naman bai kammala ba, ki ɗauraye filas mai faɗin baki da ruwan zafi, ki tsane shi, ki juye miyar ciki ki rufe. Ko ki bar kwanon cikin ruwan ɗumi kina juyawa jefi-jefi. Kada ajiyar ta wuce awa ɗaya, musamman da bazara, domin ɗumin da ke riƙe ta shi ne kuma ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Tun da ƙwan ba dahuwa ya yi sosai ba, mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya gara su haƙura da ita.

A Faransa abokin tafiyarta shi ne yankakken naman sa da aka gasa a wuta mai ƙarfi, da soyayyen dankalin Turawa a gefe ana dangwala. Ki zaɓi tsoka mai taushi ta gadon baya, ki yanka da kaurin yatsa biyu, gishiri da masoro kawai za ki sa mata. Ki gasa a kasko mai zafi sosai ko a kan garwashi, ki sauke ki bar ta ta huta minti 5 kafin ki yanka, in ba haka ba romonta zai malale ya tsinka miyar a faranti. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne ki gama mataki na ɗaya da na biyu tun da wuri, ki kaɗa miyar ki sa a filas, sannan ki gasa naman. Yajin ƙuli da tafarnuwa ki ajiye su don wata rana, idan suka hau naman ba za a ji taragon ba. Tana kuma dacewa da gasasshen kifi mai tsoka irin giwan ruwa, da kaza, da dafaffen ƙwai.

Idan taragon ya gagara samu gaba ɗaya, akwai mafita daga cikin girkin Faransa kansa. Ki sa na'ana'a a gurbinsa, a ruwan ƙamshin da kuma a ƙarshe, awo ɗaya. Wannan miyar sunanta Falwaz, daga sunan birnin Pau, kuma da naman rago ake cin ta, don haka ga wadda ke da cinyar ragon layya a hannu ita ce ma ta fi dacewa. Akwai kuma Shoron, mai ɗauke da sunan Alexandre Choron, wani mai dafa abinci na birnin Paris a ƙarni na 19: a soya markaɗaɗɗen tumatir har ruwansa ya ƙone ya yi kauri, a bar shi ya huce zuwa ɗumi, a juya babban cokali 2 a cikin Beyarnez, kada a sa ganyen ƙarshe. Ita ta fi tafiya da kifi.

Abin da ya ragu ki juye a ƙaramin kwano mai murfi ki sa a firji nan da nan. Zai daskare ya yi tauri. Washegari kada ki ɗumama shi, ki yanko da wuƙa ki ɗora a kan nama ko dafaffen dankali mai zafi ya narke da kansa, ko ki shafa a gasasshen burodi. Ki cinye shi cikin kwana biyu.